Masu Auna Iskar da Ba Ta Kaɗa Ganye

Jirgin saman fasinja yakan yi tafiyarsa a tsayin kilomita 10 zuwa 12. Balan-balan na masu bincike, in ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya kai kilomita 50. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuwa tana kewaya duniya a wajen kilomita 400. A tsakaninsu akwai wani fage, daga kilomita 100 zuwa kusan 300, da ya gagari kowa zama. Iskar wurin ta yi wa fukafukin jirgi kaɗan, ta kuma yi wa tauraron ɗan'adam yawa, domin in ya sauko ƙasa da kilomita 200 ba a daɗewa za ta riƙe shi ya faɗo. Babu inda za a kafa tuta a can, balle a rataya ma'auni. Duk da haka iska tana kaɗawa, kuma ba da wasa ba: a kusa da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya takan yi gudun mita 300, mita 500, wani lokaci ma fiye, a daƙiƙa ɗaya.

Wannan ita ce iskar kwance, mai zuwa gabas da yamma, kudu da arewa. Tana da ƙanwa mai wuyar sha'ani, iskar tsaye, wadda ke hawa da sauka. A daren da sama ke zaune lafiya, gudun iskar tsaye bai wuce 'yan mitoci a daƙiƙa ba, kuma auna ta yana cikin ayyuka mafi wuya a ilimin sararin samaniya. Mutane 'yan ƙalilan ne a duniya suka mai da shi sana'a. Suna aiki daga ƙasa, cikin ɗan ɗaki mai ƙubbar gilashi a Alaska, ko a Kiruna ta Suwidin, ko a tsibiran Svalbard na Norwe, ko a bakin ƙanƙarar Antatika. Kayan aikinsu launin haske ne da lissafi, sai kuma wani rashin yarda da na'urarsu da ya zame musu jiki. A ganina wannan na ƙarshen shi ne ainihin gwanintar.

Fitilar da sama ta kunna da kanta

Rana tana fesar da ƙwayoyi masu cajin lantarki ba dare ba rana. Maganaɗisun duniya yana tare mana yawancinsu, amma yakan tara ƙarfin da suka zo da shi, sa'an nan ya tunkuɗo ilektiron zuwa ƙasa ta wasu da'irori biyu da suka kewaye ƙuryar arewa da ta kudu. In waɗannan ilektiron suka bugi oksijin da naitirojin na can sama, sai su kama haske. Shi ne orora, hasken nan kore da ja mai kama da labule da ke rawa a sararin ƙasashen sanyi.

Oksijin yana ba da launi biyu masu amfani ga mai aune. Koren, mai tsawon zangon nanomita 557.7, yana fitowa daga wajen kilomita 100 zuwa 150. Jan, mai nanomita 630.0, yana fitowa daga kilomita 200 zuwa 300, kuma ya fi ƙarfi a kusa da 240. Dalilin rabuwarsu abin sha'awa ne. Ƙwayar zarrar oksijin da aka buga takan saki koren haske kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, amma jan sai ta riƙe shi kusan daƙiƙa 110. A ƙasa-ƙasa, inda iska ke da cunkoso, kafin wannan lokaci ya cika wata ƙwayar ta bangaje ta ta ƙwace ƙarfin, hasken bai fito ba. Sai a can sama inda aka sami sarari jan yake samun fita. Saboda haka kowane launi yana ɗauke da shaidar tsayin da ya fito. Jinkirin jan yana da wata fa'ida kuma: kafin ƙwayar ta yi haske, ta riga ta yi karo da maƙwabtanta har tafiyarta ta zo daidai da tasu, don haka haskenta labarin iskar wurin yake bayarwa.

An daɗe kafin a kai ga sanin wannan. Anders Ångström na Suwidin ya ba da rahoton koren layin a 1868, amma ba a san abin da ke yin sa ba sai a 1925, lokacin da John McLennan da Gordon Shrum suka nuna a Toronto cewa oksijin ne. Carl Størmer na Norwe kuwa ya shafe shekaru, tun daga wajen 1910, yana ɗaukar hoton orora ɗaya daga wurare biyu masu nisa da juna a lokaci guda, yana lissafa tsayinta daga bambancin kusurwa. Shi ya tabbatar da cewa gindin labulen yakan tsaya a wajen kilomita 100. Waɗannan launuka kuma ba na ƙasashen sanyi ba ne su kaɗai. Kowane dare, ko a saman Kano ko Damagaram, oksijin yana yin wannan ja da kore, sai dai da rauni ƙwarai, ido ba ya tantance shi.

Kashi ɗaya cikin miliyan 30

Duk wanda ya tsaya a bakin titi ya ji yadda ƙarar hon ɗin mota ke yin siriri tana tahowa, ta yi kauri da ta wuce. Christian Doppler na Ostiriya ya bayyana wannan a 1842, kuma haske ma haka yake yi. In abin da ke ba da haske yana matsowa, zangon haskensa yakan gajarta. In yana nisa, ya ƙara tsawo. Don haka in ka dubi sama tsaye ka ga jan oksijin ya ɗan ƙara tsawon zango, iskar tana hawa. In ya ragu, tana sauka.

Faɗar ke da sauƙi. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Iskar da ke hawa da mita 10 a daƙiƙa za ta sauya zangon da kashi ɗaya ne kacal cikin miliyan 30. Ga kuma wata matsala a kai: zafin wurin yakan kai digiri 1,000 ko ya wuce, kowace ƙwayar oksijin tana zabura ta ko'ina da gudun da ya fi kilomita ɗaya a daƙiƙa. Wasu na tahowa, wasu na komawa, don haka layin jan ba siriri yake zuwa ba, da faɗinsa yake zuwa. Motsin da ake nema bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan faɗin ba. Aikin mai aune shi ne ya gano tsakiyar wannan dishi-dishin haske, ya ga ko ta gusa. Faɗin ma ba a yar da shi, domin shi ke gaya masa zafin iskar: gwargwadon faɗi, gwargwadon zafi. Da kallo ɗaya ya sami gudu da zafi.

Na'urar da ke yin wannan ta girmi jirgin sama. Charles Fabry da Alfred Perot, Faransawa biyu da ke aiki a Marseille, su suka ƙera ta a ƙarshen shekarun 1890, kuma da sunansu ake kiranta har yau. Zuciyarta gilasai biyu ne shafaffu, an yi musu fenti mai mayar da yawancin haske ya bar kaɗan ya wuce, an jera su fuska da fuska da tazarar santimita ɗaya zuwa biyu. Haske in ya shiga sai ya yi ta kai da komo a tsakani. A wasu kusurwoyi igiyoyinsa suna haɗuwa su ƙarfafa juna, a wasu su kashe juna. Abin da ke fitowa a kyamara zobba ne na haske, ƙarami cikin babba. In zangon ya sauya ko yaya, zobban sukan ɗan buɗe ko su ɗan tsuke. Tun a 1923 Harold Babcock ya yi amfani da ita a Kalifoniya ya auna zangon koren hasken dare daidai. Na yanzu suna da kyamara da ake sanyayawa har ƙasa da ƙanƙara da digiri da yawa don rage hayaniyar lantarki, kowane hoto yana ɗaukar daƙiƙoƙi ko mintuna, kwamfuta kuma tana daidaita siffar zobban da lissafi.

Neman sifili

A nan ne ake gane gwani. A ce mahauci yana da sikeli mai kaifi, wanda ko ƙuda ya sauka allurarsa za ta motsa, amma an goge alamar sifili, allurar kuma tana gusawa da kanta in rana ta yi zafi. Halin da mai auna iskar tsaye yake ciki ke nan. Yana ganin zobba sun motsa, amma daga ina? Don ya sani, yana bukatar oksijin da ke tsaye cak yana ba da wannan jan haske, kuma wannan jinkiri na daƙiƙa 110 ya sa yin irin fitilar a ɗakin gwaji abu ne mai wuya, domin ƙwayoyin sukan bugi bangon kwalba kafin su yi haske.

Mai auna iskar kwance yana da mafita. Ya dubi arewa, ya dubi kudu, ya ɗebe wannan daga wancan, sifilin da bai sani ba ya fita daga lissafi. Ko kuma ya dubi sama tsaye ya ɗauka cewa can babu motsi, ya mai da shi sifilinsa. Mai auna iskar tsaye ba shi da wannan gatan, domin abin da wasu ke ɗauka sifili shi ne abin da ya fito nema. Dabarar da aka saba ita ce a ce a tsawon dare, ko darare masu yawa na zaman lafiya, abin da ya hau ya yi daidai da abin da ya sauka, sai a ɗauki matsakaicin a matsayin sifili. Gwani ya san cewa wannan zato ne, kuma yana rubuta shi a gaban sakamakonsa don mai karatu ya sani.

Sai maganar gusawar na'ura. In tazarar gilasan nan santimita 1.5 ce, ta sauya da rabin nanomita, wato faɗin 'yan ƙwayoyin zarra, na'urar za ta nuna iskar ƙarya ta mita 10 a daƙiƙa. Shi ya sa ake raba gilasan da ginshiƙai na wani irin gilashi da zafi ba ya cika buɗa shi, kamar Zerodur, a kuma tsare zafin akwatin kada ya sauya ko da ɗan ɓangaren digiri. Iskar da ke tsakanin gilasan ita ma abokiyar gaba ce. In matsinta ya sauya da miliba ɗaya, abin da yanayi ke yi kullum ba wanda ya lura, na'urar za ta ƙirƙiro iskar kusan mita 80 a daƙiƙa. Dole a rufe akwatin ruf. Duk da haka ba a yarda da shi. Tsakanin kallon sama da kallon sama, madubi yakan juya ya dubi hasken wata leza da aka daidaita zangonta, mai nanomita 632.8, maƙwabciyar jan oksijin. In zobban lezar sun gusa, an san laifin na'ura ne, sai a cire shi.

Akwai kuma saiti. In madubin ya karkace da digiri ɗaya daga tsaye, alhali iskar kwance tana gudun mita 300, to mita 5 daga cikinta za su shigo su yi shigar iskar tsaye. Gajimare ma maƙaryaci ne: yana tattara haske daga ko'ina a sama ya gauraya, don haka ake ajiye wata kyamara ko ma'aunin gajimare a gefe, a zubar da duk sa'ar da sama ba ta washe ba. Akwai wani hasken dabam da ke fitowa daga wajen kilomita 87, wanda zangonsa ya matso kusa da jan oksijin, yakan kuma ja tsakiyar layin gefe in jan ya yi rauni.

Labarin da ya fi nuna halin masu wannan sana'a ya faru a Amurka. A wata guguwar maganaɗisu ta farkon Oktoban 2013, na'urori da dama a tsakiyar ƙasar, nesa da yankin orora, sun nuna iska tana sauka da kusan mita 100 a daƙiƙa har tsawon sa'o'i. Duk sun yi ittifaƙi, lezarsu lafiya. Amma lissafi ya ƙi: iskar da ta yi sa'a uku tana sauka da wannan gudu ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000, alhali tsayin wurin duka 250 ne. Masanan ba su yi shelar sun gano abin al'ajabi ba, sun ce akwai abin da ya gurɓata awon. A 2017 Brian Harding da Jonathan Makela na Jami'ar Illinois da abokan aikinsu suka nuna inda gizo ke saƙar. Orora mai haske ƙwarai tana can arewa, iskar wurin tana tahowa kudu da gudu wajen na'urorin. Iska da ƙurar da ke kusa da ƙasa suka watsa wannan haske, wani ɓangarensa ya shiga na'urar da ke kallon sama tsaye, ya zo da alamar abu mai matsowa. Na'ura ta karanta shi a matsayin iska mai sauka. Mutanen da suka yi awon su ne suka bi diddigin awon nasu har suka kama shi, suka kuma fitar da hanyar gyarawa.

Abin da aka gani da aka iya gani

Da farko masana sun ɗauka iskar tsaye ba ta da wani girma. Sararin iska a jere yake hawa-hawa, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kuma ɗaga shi yana cin ƙarfi. Sai tauraron Dynamics Explorer 2 na hukumar NASA, wanda aka harba a Agustan 1981, ya ratsa saman ƙuryoyin duniya ya auna iskar tsaye da ta wuce mita 100 a daƙiƙa. A cikin waɗancan shekarun David Rees da abokan aikinsa na University College London suka ga irinta daga ƙasa a Kiruna. Masanan Ostireliya sun gan ta a tashoshinsu na Mawson da Davis a Antatika, na Birtaniya a Halley, na Jami'ar Alaska a filin harba roka na Poker Flat kusa da Fairbanks. Shaidu daga na'urori iri-iri a nahiyoyi dabam-dabam suka haɗu, maganar ta zauna.

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarƙashin orora, a wajen kilomita 100 zuwa 150, wutar lantarki tana gudana a sararin sama, wani lokaci ta kai amfiya miliyan guda. Tun a 1908 Kristian Birkeland na Norwe ya yi hasashen irin wannan wuta. Ƙwayoyi masu caji da filin lantarki ke kora suna gogayya da iskar da ba ta da caji, gogayyar ta zama zafi. Ilektiron masu faɗowa su ma suna zuba nasu zafin. Iskar da aka ɗumama farat ɗaya sai ta kumbura, kuma hanya mafi sauƙi gare ta sama ce. Iska mai hawa da mita 100 a daƙiƙa, in ta yi minti 10, ta ɗaga kilomita 60.

Tauraron Jamus mai suna CHAMP, wanda ya yi aiki daga 2000 zuwa 2010, ya ƙara wani abu. A 2004 Hermann Lühr da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa a wani ɗan yanki ta ɓangaren rana, inda layukan maganaɗisu ke buɗewa kamar mazurari su bar ƙwayoyin rana su shigo kai tsaye, kaurin iska a kilomita 400 yakan kusa ninkawa. Akwai abin da ke ɗaga iska a wurin kusan kullum. Ganin wannan yanki daga ƙasa yana bukatar duhu da tsakar rana, shi ya sa masu aune ke tafiya Svalbard, a digiri 78 arewa, inda rana ba ta fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu.

Karatun raƙuma

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Iskar da aka tunkuɗa sama takan buɗe ta yi sanyi, ta fi maƙwabtanta nauyi, sai ta dawo. Da saurin da ta taho takan wuce mazauninta, ta matsu, ta yi zafi, ta fi na kewaye sauƙi, ta sake hawa. Wannan lilo yana da lokacinsa: kamar minti 5 a iskar da ke ƙasa, minti 10 zuwa 15 a can sama. David Brunt na Birtaniya da Vilho Väisälä na Finlan su suka fitar da lissafinsa. Iskar da ke lilo tana tura ta gefenta, ita ma ta tura ta gaba, sai abin ya zama raƙuma masu tafiya kamar raƙuman ruwa, waɗanda nauyi ne ke mai da su duk lokacin da suka ɗaga. Raƙuman nauyi ke nan.

Tun a ƙarshen shekarun 1940 G. H. Munro a Ostireliya ya lura da wasu lanƙwasa masu tafiya a ayonosfiya, wato ɓangaren sama mai caji wanda ke dawo da igiyar rediyo. A 1960 Colin Hines na Kanada ya bayyana cewa sawun raƙuman nauyi ne: iska ke lilo, ƙwayoyi masu caji suna bin ta. Manyan da orora ke haifarwa suna da tazarar sama da kilomita 1,000 tsakanin tozo da tozo, suna ɗaukar rabin sa'a zuwa sa'a uku kafin su maimaita, suna gudun mita 400 zuwa 1,000 a daƙiƙa. Daga yankin orora sukan nufi tsakiyar duniya, su iso cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci na arewa su haɗu da na kudu su ratsa juna.

To, yaya mai aune zai bambanta iskar da zafi ya ɗaga a kansa da raƙumin da ya taso daga nesa yana wucewa? Yana da alamomi. In ɗumamawa ce a wurin, zafi da hawa sukan zo tare. In raƙumi ne, hawa da sauka suna bin juna a kan ƙa'ida, kuma zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: iskar ta fi sanyi a lokacin da ta kai ƙololuwa ta tsaya, ba a lokacin da take tsakiyar gudu ba, don haka layin zafi yana gocewa daga layin gudu da kusan rubu'in zagaye. Hines ya nuna wata alama mai ban mamaki: raƙumin da ƙarfinsa ke hawa sama, tozonsa sauka yake yi. Wanda ke kallon tsayi dabam-dabam zai ga tozon ya fara bayyana a sama kafin ya iso ƙasa. Haka kuma raƙumi yana ƙara girma yana hawa, domin iskar tana ƙara sirancewa, ƙarfi ɗaya yana kaɗa abu marar nauyi.

Kallon wuri ɗaya ba ya nuna inda raƙumi ya dosa. A shekarun 1990 Mark Conde da Roger Smith na Jami'ar Alaska suka ƙera irin na'urar Fabry-Perot da ke ɗaukar sama gaba ɗaya, ta yanka ta gida-gida, a na'urorin baya-bayan nan har sama da gida 100, ta fitar da gudu da zafi a kowane gida lokaci guda. In aka jera irinta biyu ko uku da tazarar ɗaruruwan kilomita, suna kallon wuri ɗaya ta kusurwa dabam-dabam, ana iya raba iskar tsaye da ta kwance da ƙarancin zato. Radar irin ta EISCAT da ke kusa da Tromsø tana ba da labarin ɓangaren masu caji, na'urorin karɓar GPS sama da 1,000 da Japan ta shimfiɗa a ƙasarta kuma suna zana taswirar raƙuman suna wucewa.

Shaida ta biyu

Gwani ba ya son shaida ɗaya, don haka ake zuwa da roka. Ana harba ta ta yi tafiyar mintuna, ta fesa wani sinadarin alminiyam da ke yin haske in ya haɗu da oksijin, ko bariyam da sitirontiyam da ke haskawa a hasken rana. Bariyam yana saurin samun caji ya bi filin lantarki, sitirontiyam ya zauna ba caji ya bi iska, don haka a harbi ɗaya a ga tafiyar ɓangarorin biyu. Kyamarori a wurare masu nisa da juna suna bin kowane ɗigon gajimare, a lissafa tsayinsa daƙiƙa bayan daƙiƙa, kamar yadda Størmer ya yi da orora. A ranar 5 ga Afrilun 2019 aka harba rokoki biyu na shirin AZURE daga Andøya a Norwe, ƙarƙashin jagorancin Miguel Larsen na Jami'ar Clemson, suka zuba gajimarai masu launi tsakanin kilomita 115 da 250, musamman don auna iskar tsaye a cikin orora. Aikin yana bukatar abubuwa da yawa su dace a lokaci ɗaya: orora ta zo daidai, sama ta washe a duk wuraren kyamara, iskar ƙasa ta kwanta. Wani lokaci akan shafe makonni ana jira, har a koma gida sai wata shekara, don sakamakon da ba ya wuce mintuna.

Me ya kai mu damuwa?

Iskar tsaye ƙarama ce, amma ita ke sauya abin da ke can sama. In ta hau takan ɗauko iskar ƙasa mai yawan naitirojin ta kai inda oksijin ya fi yawa, naitirojin kuma yana saurin cinye ƙwayoyi masu caji. Iskar kwance ta kwashe wannan gauraye ta yaɗa, ayonosfiya ta yi rauni a yankuna masu faɗi na kwana ɗaya ko biyu. Duk mai kama tasha a gajeren zango da wannan rufi yake dogara, domin shi ke dawo da muryar da ta taso daga wata nahiya. Raƙuman nauyi in suna wucewa sukan lanƙwasa rufin, su karkatar da igiyar rediyo, su kuma sa kuskure a awon GPS.

Iskar da ta kumbura tana riƙe taurarin ɗan'adam. A ranar 3 ga Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49 zuwa wajen kilomita 210. Guguwar maganaɗisun da ta same su ba babba ba ce, amma kamfanin ya ce tirjiyar iska ta ƙaru da kusan kashi 50 cikin ɗari, kuma 38 daga cikinsu suka faɗo suka ƙone. Yanzu dubban taurari ne ke kewayawa a ƙasa-ƙasa, kuma hasashen inda kowanne zai kasance gobe ya dogara da sanin yadda zafin orora ke ɗaga iska.

Abin yana isowa har gida. A 1980 Michel Blanc da Arthur Richmond suka nuna cewa iskar da guguwa ta tayar a yankin orora, in ta gangaro, takan haifar da nata filin lantarki, ya sauya halin ayonosfiya a tsakiyar duniya sa'o'i bayan guguwar. Layin tsakiya na maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, kuma a kewayensa ne ayonosfiya ta fi rikici bayan faɗuwar rana. Shi ya sa aka kafa na'urorin Fabry-Perot a Bahir Dar ta Habasha, da Oukaimeden ta Maroko, da Abuja, inda masanan hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, suka yi aiki tare da abokan aikinsu na Amurka suna auna iskar dare daga raunin jan haske. Mai aune a nan yana da nasa ƙalubalen: gajimaren damina, da ƙurar hunturu wadda ke watsa haske kamar yadda ta yi wa na Amurka.

Har yau akwai gardama da ba ta mutu ba. Lissafin kwamfuta na sararin iska yakan ba da iskar tsaye ƙasa da wadda ake aunawa, kuma wadda ake aunawa takan daɗe fiye da yadda lissafi ya yarda. Ko dai lissafin yana tsallake ƙananan wuraren da zafi ke taruwa, ko kuma akwai sauran ƙarya a cikin awon da ba a kama ba, kuma mai yiwuwa kowane ɓangare yana da nasa kason. Masu lissafi ba za su gyara nasu ba sai an ba su lambar da za a iya dogara da ita, kuma ba mai iya ba da ita sai wanda ya san kowace hanya da na'urarsa ke bi ta yaudare shi, ya toshe waɗanda za su tosu, ya faɗi girman waɗanda suka rage.